Jami'in hulɗa da jama'a ba ɗan aike ba ne

A ma'aikatu da yawa, na gwamnati da masu zaman kansu, ana ɗaukar jami'in hulɗa da jama'a tamkar ɗan aike: shi ke gayyato ƴan jarida, ya jera kujeru, ya karanta sanarwa. Sai an gama yanke shawara ake nemansa. Alhali kuwa aikinsa na shugabanci ne. Shi ya kamata ya kai wa magabata abin da jama'a ke faɗa, mai daɗi da marar daɗi, ya kuma nuna masu yadda mutane za su karɓi mataki tun kafin a ɗauke shi.

A ƙarshen watan Satumban 1982, a yankin Shikago na Amurka, mutane suka fara mutuwa bayan shan maganin ciwon kai na Tylenol da wani ya zuba wa guba. Mutum bakwai suka rasu. Ba a masana'anta aka sa gubar ba, don haka kamfanin Johnson & Johnson na iya cewa ba ruwansa. Amma mai kula da hulɗa da jama'a, Lawrence Foster, yana cikin masu zama da shugaban kamfanin, James Burke, ana tattauna abin yi. Aka gargaɗi jama'a su daina shan maganin, aka janye kwalabe kimanin miliyon 31 daga kasuwa, asarar da ta kai dala miliyon 100. A watan Nuwamba maganin ya dawo cikin mazubi mai hatimi, kuma sannu a hankali masu saye suka komo. A lura: janye kayan shi ne ainihin saƙon, sanarwa ta biyo baya ne kawai.

Kamfanin ruwan Perrier na Faransa bai yi wannan dace ba a 1990, lokacin da aka gano sinadarin benzin a kwalabensa a Amurka. Da farko aka ɗora laifin kan wani ma'aikaci da ya goge na'ura. Da aka ga sinadarin a Turai ma, sai bayani ya canza: matatun da ba a sauya kan lokaci ba ne. An janye kwalabe miliyon 160 a duniya, kuɗin dai an kashe su, amma jama'a sun riga sun ji baki biyu daga gida ɗaya.