Harshe da Yardar Majiyyaci: Wani Giɓi a Koyar da Dokar Lafiya a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A Amurka, musamman tun daga shekarar 2020, malaman shari'a sun yi ta kiraye-kirayen a sanya batun wariyar launin fata cikin darasin dokar lafiya. Hujjarsu tana da tushe: daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta ƙasar ta bar ɗaruruwan baƙar fata masu ciwon tunjere a Tuskegee ba magani, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a Nijeriya, inda likita da majiyyaci galibi launinsu ɗaya, irin wannan wariya takan ɓuya ne a cikin harshe. Za a yi misali da Kano da kuma Ibeto, a ƙaramar hukumar Magama ta masarautar Kontagora.

2.0 Darasin Kano

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya jarraba maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 aka sa a ciki, an ba kusan rabinsu sabon maganin, sauran kuma wani sanannen magani. 11 suka rasu. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, kuma sun amince da baki. Iyayen da suka kai ƙara suka ce ba a shaida musu jarrabawa ake yi ba. A 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yarda a saurari ƙarar, a shekarar ce kuma aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, muhimmin ɓangare na taƙaddamar ya ta'allaƙa ne a kan abin da aka faɗa da abin da aka fahimta. Kalmar "gwaji" kaɗai ta isa misali. Idan aka ce wa uwa "za a yi wa yaronki gwaji", abin da za ta ɗauka shi ne za a auna jininsa a gano cuta; alhali da wannan kalmar ce ake fassara jarraba maganin da ba a tabbatar da ingancinsa ba. Ita ma kalmar "magani" tana ɗauke da alkawarin waraka tun kafin a sha. Haka nan "to" a bakin Bahaushe sau da yawa tana nufin "na ji" ne kurum, ba "na amince" ba, balle a gaban wanda ake jin nauyinsa.

3.0 Abin da Doka ta Tanada

Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, amma bai ambaci harshe ba. An ambace shi a sashe na 15, cikin babi na biyu, wanda ba a iya kafa ƙara a kansa kai tsaye. Sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin tafinta kyauta. Majiyyaci kuwa, sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce a yi masa bayani da harshen da yake ji, amma da sharaɗin idan hakan zai yiwu. Ashe ke nan wanda ake zargi da satar akuya ya fi matar da za a yi wa tiyata ƙarfin haƙƙi a wannan fanni.

4.0 Ibeto: Inda Hausa ke Danne Wasu

A nan ne ya kamata masanin Hausa ya dubi gidansa. Ibeto tana ƙasar Kambari ne, kuma karin harshenta ana lasafta shi cikin Tsishingini, tare da na Salka. Hausa ce harshen kasuwa da na hulɗa tsakanin ƙabilu a yankin, don haka ma'aikacin lafiya kan ɗauka cewa da zarar ya juya Ingilishi zuwa Hausa ya sauke nauyin doka. Sai dai Hausar cinikin gero daban, Hausar bayanin haɗarin ƙarin jini daban. Tsohuwar da ta iya gaisuwa da ƙidayar kuɗi ba lallai ta gane "illar magani" ba. Idan mijinta ko ɗanta ya zama tafinta, sirrinta ya fita, kuma yardar da aka rubuta tasu ce, ba tata ba. Matsayin da Ingilishi ya taka a kan Bahaushe a asibiti, shi Hausa ke iya takawa a kan Bakambare.

Saboda haka bai wadatar malamin dokar lafiya ya tsaya ga Ƙa'idar Nuremberg ta 1947 da hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Okonkwo ta 2001, wanda ya tabbatar wa baligi mai hankali ikon ƙin magani, ba. Ya dace a ba ɗalibi takardar neman yarda ya fassara ta da Hausa, wani ya mayar da ita Ingilishi, a ga abin da ya zube a hanya. Sannan a maimaita aikin da mai jin Tsishingini. Wannan aiki ne da sassan harsunan Nijeriya za su yi tare da tsangayoyin shari'a da na likitanci, kuma farkonsa shi ne a samar wa ma'anoni biyu na "gwaji" kalmomi biyu mabambanta.