Yadda rashi ke cinye hankalin mai shi

Mun saba ɗora wa talaka laifin rashin tsari. Mukan ce ya ci bashi mai ruwa yana ji yana gani, ya manta ranar rigakafin ɗansa, ya bar sayen taki har damina ta yi nisa. Wani bincike da mujallar Science ta buga a shekarar 2013 ya isa ya sa mu sassauta wannan hukunci.

Masana huɗu, ciki har da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, sun bibiyi manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta ƙasar Indiya. Manomin rake sau ɗaya kuɗi ke shigo masa a shekara. Kafin girbi yana cikin bashi da jingina, bayan girbi kuwa aljihunsa da nauyi. Aka yi wa manoman gwajin kaifin basira a lokutan biyu, sai ga shi mutum guda, da ƙwaƙwalwarsa guda, ya fi ƙoƙari nesa ba kusa ba bayan ya sayar da amfaninsa. Masanan sun duba ko yunwa ce ko gajiyar aiki, suka ga waɗannan ba su isa su bayyana tazarar ba.

Bayaninsu shi ne hankali ma yana da iyaka. Wanda ke lissafin cefanen gobe tun daga asuba, lissafin nan ya riga ya cinye rabon da zai ba sauran al'amura. Rashi yana kaifafa tunani a kan abin da ya matsa, shi ya sa talaka ya fi mai hali sanin farashin mudu, amma yana rufe ido ga abin da ke nesa. Duk ma'aikacin da ya rasa takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin canjin naira, ya ɗanɗani wannan: da digirinsa da komai, tunaninsa bai wuce layin banki ba.

Abin da ya rage ga masu tsara manufofi shi ne sanin lokaci. A yammacin Kenya, Esther Duflo da abokan aikinta sun gwada sayar wa manoma taki da zarar an yi girbi, tare da kai musu har gida kyauta, kuma masu amfani da takin suka ƙaru. Mu kuwa sau da yawa sai rumbu ya yi ƙasa, ruwa ya sauka, sannan motar taki ke isowa, da fom mai shafuka da yawa a cike.