Mazaɓun Anka, Gummi da Bukkuyum: Wa Ke Wakiltar Wa, Kuma Ta Wace Hanya?

Ranar zaɓen tarayya, takarda uku ake miƙa wa mai ƙuri'a a rumfar zaɓe: ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan majalisar wakilai. Bayan 'yan makonni ya dawo ya karɓi biyu, ta gwamna da ta ɗan majalisar jiha. Kowace takarda da iyakar ƙasar da take aiki a ciki, kuma jama'a da yawa suna dangwala yatsa ba tare da sun san da su wa aka haɗa su ba.

A majalisar dattawa, Anka da Gummi da Bukkuyum duk suna cikin Zamfara ta Yamma, tare da Bakura, Maradun da Talata Mafara. A majalisar wakilai kuwa an raba su: Gummi da Bukkuyum kujera ɗaya gare su, ita kuma Anka an haɗa ta da Talata Mafara. A majalisar jiha mai kujeru 24, Gummi na da biyu, Bukkuyum na da biyu, Anka na da ɗaya, duk da cewa a can Sarkin Zamfara yake zaune.

Wannan tsari ba daɗaɗɗe ba ne. A zaɓen 1951, lokacin da yankin ke cikin Lardin Sakkwato, hawa-hawa ake yi: ƙauye ya fitar da wakilai, su je gunduma su zaɓi wasu, waɗannan su je lardi, daga nan a samu masu tafiya majalisar Kaduna. A zaɓen tarayya na 1959 kowa ya jefa ƙuri'arsa kai tsaye, amma maza kaɗai, kuma jam'iyyar NPC ta Sardauna ce ta mamaye lardin. Matan Arewa ba su zaɓi ɗan majalisar tarayya ba sai 1979. Mazaɓun Jamhuriya ta Farko sun tafi da juyin mulkin Janairun 1966. Waɗanda aka shata a 1979, lokacin da majalisar wakilai ke da kujeru 449 kuma Shehu Kangiwa na NPN ke gwamnan Jihar Sakkwato, sun tafi da juyin mulkin 31 ga Disamban 1983. Na Jamhuriya ta Uku ma Janar Abacha ya rushe su a Nuwamban 1993. Shi ne kuma ya yanke Zamfara daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoban 1996, inda aka ba ta kujeru bakwai cikin 360 na majalisar wakilai.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, PDP ta kama tarayya, Zamfara kuwa ta bi APP, wadda ta koma ANPP. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi gwamna shekara takwas, sannan ya riƙe kujerar sanatan Yamma daga 2007 zuwa 2019. Kafin shi Yusha'u Muhammad Anka ne a kanta. Abdul'aziz Yari ya wakilci Anka da Talata Mafara daga 2007 zuwa 2011, daga nan ya haye kujerar gwamna. Bello Matawalle, wanda ya gaji Yari a kujerar gwamna, ya fito daga Maradun. Wato yankin Yamma ya ba da gwamnoni uku, amma babu ko ɗaya daga Anka, Gummi ko Bukkuyum. Anka ta samu sanata sau biyu. Gummi da Bukkuyum ba su taɓa samu ba tun 1999. Ni a ganina wannan abin dubawa ne ga duk mai maganar adalci a rabon muƙamai.

Shekarar da ta fi kowace koyar da darasi ita ce 2019. Rikici ya ɓarke a cikin APC, jam'iyyar da ke mulkin jihar a lokacin, tsakanin ɓangaren Gwamna Yari da masu ja da shi, ciki har da Sanata Kabiru Marafa, har wa'adin zaɓen fid da gwani ya cika a Oktoban 2018 ba a daidaita ba. Hukumar zaɓe ta INEC ta ce jam'iyyar ba ta da 'yan takara a Zamfara. Aka shiga kotuna, wannan ta ce an yi zaɓen fid da gwani, waccan ta ce ba a yi ba, daga ƙarshe aka sa sunayensu ana dab da zaɓe.

Jama'a suka fito. Wanda ya san rumfar zaɓe a ƙauye ya san yadda take: harabar makarantar firamare, layin maza daban na mata daban, tsohuwa riƙe da katinta a ƙulle cikin gefen zane, rana na dukan kowa. Da yamma malamin zaɓe ya zazzage akwati, yana ɗaga takardu ɗaya bayan ɗaya, jama'a na ƙirgawa da ƙarfi tare da shi. APC ta lashe komai. Ɗan takararta na gwamna, Mukhtar Shehu Idris, ya samu ƙuri'u 534,541, Matawalle na PDP ya samu 189,452.

Ranar 24 ga Mayun 2019, saura kwana biyar a rantsar da gwamna, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa APC ba ta yi halastaccen zaɓen fid da gwani ba, don haka duk ƙuri'un da aka jefa mata sun tafi a banza. Kujeru 36 suka sauya hannu a rana ɗaya: gwamna, mataimakinsa, sanatoci uku, wakilai bakwai, da 'yan majalisar jiha 24. PDP ta kwashe su, ban da guda ɗaya ta majalisar jiha da ta faɗa hannun NRM. Yari ya rasa kujerar sanatan da ya ci, Lawali Hassan Anka ya hau. Sulaiman Abubakar Gummi ya tafi Abuja da sunan Gummi da Bukkuyum. Ga waɗanda suka samu, tsuntsu ne daga sama gasasshe. Hukuncin yana kan doka, domin jam'iyyar da ta take ƙa'idarta ba ta da bakin kuka. Amma wanda ya biya kuɗin laifin shi ne talakan da ya wuni a layi, alhali ba ya cikin ɗakin da aka yi rigimar. Shi ya sa zaɓen fid da gwani ba harkar 'yan siyasa kaɗai ba ce: a nan ake yanke wanda za a kawo maka, a nan kuma ƙuri'arka ke iya lalacewa tun ba ka jefa ta ba.

Hanya ta biyu da kujera ke sauya launi ita ce sauya sheƙa. A Yunin 2021 Matawalle ya koma APC tare da mafi yawan 'yan majalisa. Sashe na 68 na kundin tsarin mulki ya ce ɗan majalisar tarayya da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya bar kujerar, sai fa idan jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata. Kusan kowane mai tafiya da wannan uzuri yake fakewa.

A 2023 masu ƙuri'a sun nuna cewa ba a jan su da igiya: Dauda Lawal na PDP ya kayar da gwamna mai ci, yayin da Yari na APC ya ci kujerar sanatan Yamma. Nan ma sai da aka je kotu. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta umarci a sake zaɓe a wasu wurare, har da Bukkuyum, kafin Kotun Ƙoli ta tabbatar da Dauda Lawal a Janairun 2024.

Abin da ya fi damuna shi ne iyakokin kansu. Sashe na 73 ya ɗora wa INEC sake duba mazaɓun tarayya bayan aƙalla shekara goma, amma tun 1999 taswirar tana nan yadda take, kuma rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. A tsakanin nan yankin ya ga gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum irin su Dareta da 'Yargalma, ya ga kisan gillar Janairun 2022, ya ga ambaliyar Gummi ta 2024. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama, mutanensu suna gudun hijira a cikin garuruwa. Katin zaɓe kuwa yana ɗaure da rumfar da aka yi rajista. Wanda ya baro ƙauyensu yana da damar neman INEC ta mayar da rajistarsa inda yake zaune yanzu, amma sai a lokacin da aka buɗe sabunta rajista, kuma ana rufewa watanni kafin ranar zaɓe.