HUNTURU YA SHIGO: ABIN DA ZA MU KOYA DAGA MAGANIN GARGAJIYA NA INDIYA

Kowace shekara, daga ƙarshen watan Nuwamba har zuwa tsakiyar Maris, iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas ta bi ta kan Hamada ta sauko mana. Yawancin ƙurar da take ɗauke da ita daga wani busasshen kwari ne da ake kira Bodele, can a arewacin ƙasar Chadi. Mutanen Kalmalo da Illela, da maƙwabtansu na Birnin Ƙonni a ƙetaren iyaka, suna cikin waɗanda take fara iskewa. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15, da rana kuwa ya haye 30. Wannan hawa da sauka yana wahal da jiki ƙwarai. Sai ka ga leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara na haɓo, tari da mura sun cika gida. Mai noman rani da ke sammako zuwa fadama don ban-ruwan albasa ya fi kowa sanin wannan.

Ba mu kaɗai ne muke da hunturu ba. A arewacin Indiya ma sanyi yakan shigo a waɗannan watanni, kuma masu maganin gargajiyarsu sun daɗe da tsara yadda mutum zai bi da jikinsa a lokacin. Za mu duba abin da suka koyar, mu gwada shi da namu, sa'an nan mu ga abin da likitocin zamani suka tabbatar da abin da suka hana.

Mene Ne Ayurbeda?

Ayurbeda shi ne sunan maganin gargajiya na Indiya, ma'anarsa kuwa "sanin rayuwa". An rubuta shi a littattafai tun wajen shekara 2,000 da suka wuce, mafi shahara a cikinsu shi ne na wani malami mai suna Caraka. Har yau ana koyar da shi a makarantu, kuma a 2014 gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata ta musamman don kula da irin waɗannan magunguna. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza harsashin cibiyar nazarin maganin gargajiya a garin Jamnagar na ƙasar.

Masu wannan ilimi sun ce abu uku ne ke tafiyar da jikin mutum. Na farko bata, watau iska, halinta bushewa da sanyi da kaushi. Na biyu pitta, watau wuta, mai narkar da abinci. Na uku kafa, watau damshi da majina. In ukun sun daidaita, mutum yana lafiya. In ɗaya ya rinjayi sauran, ciwo ya samu ƙofa. Sun kuma raba shekara kashi shida, biyu daga ciki na sanyi ne: hemanta, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, da shishira, daga nan zuwa tsakiyar Maris. A wannan lokaci, in ji su, iska ce ke neman rinjaye, wutar ciki kuma tana da ƙarfi. Don haka maganin bushewa shi ne maiƙo, maganin sanyi ɗumi, maganin yunwa abinci mai riƙe ciki.

Wannan ba baƙon zance ba ne ga Bahaushe. Mu ma muna raba abinci da ciwo zuwa masu zafi da masu sanyi, har muna bambanta ɗari, wanda yake busasshe mai iska, da sanyi mai damshi irin na damina. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafai kan magani, har da na ciwon ido da na basur. Wasu itatuwan da ke ƙofar gidajenmu ma 'yan asalin Indiya ne, kamar zogale da dogon yaro, wanda aka fara dasawa a Barno a 1928.

Amma a lura. Babu likitan da ya taɓa ganin bata ko kafa a madubin asibiti. Hanya ce da mutanen dā suka bi don bayyana abin da suka gani. Yau mun san ƙwayoyin cuta ne ke kawo mura da ciwon haƙarƙari. Abin da hunturu yake yi shi ne ya busar da cikin hanci da maƙogwaro, ƙura ta kankare su, mutane kuma su cunkushe a ɗaki guda a rufe, sai ƙwayoyin su sami hanyar yaɗuwa. Duk da haka, yawancin shawarwarin da tsofaffin suka bayar suna da amfani.

Abinci Mai Ɗumi

Ayurbeda ya ce a hunturu a ci dafaffen abinci da ɗuminsa, mai ɗan maiƙo: madara, man shanu, alkama, riɗi, rake, da romon nama. Ba sai mun aika Indiya ba, muna da irinsu. Kada a bar yaro ya tafi makaranta ko kiwo da cikinsa wayam. A dama masa koko, ko kunun gyaɗa, ko kunun tsamiya da safe. Tuwo da miyar kuka ko ta kuɓewa, wake, kabewa, dankali, kantu, da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, duk abincin hunturu ne. Lokacin ne kuma lambu ke ba da tumatir da karas da albasa. Kada a kai duka kasuwar Illela a bar gida da gayan tuwo.

Mutanen Indiya suna haɗa citta da masoro irin nasu su sha don tari da majina. Mu ma muna da citta, kanumfari, masoro da kimba. Shayin citta da lemun tsami da zuma yana sanyaya maƙogwaro, yana rage tari da dare. Ba ya kashe cutar, amma yana kawo sauƙi har jiki ya warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Sai dai kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko kaɗan, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Mai gyambon ciki kuma ya rage yaji.

A hunturu ƙishirwa ba ta damun mutum, amma busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki. A riƙa shan ruwa ko da ba a ji ƙishi ba, in mai ɗumi ne ya fi. Idan fitsari ya yi ja sosai, ruwa ya yi ƙaranci ke nan.

Shafa Mai

Babban abin da aka san Ayurbeda da shi a lokacin sanyi shi ne shafa man riɗi mai ɗumi a jiki duka. Namu man kaɗe ba ya bayansa, haka man gyaɗa. A shafa bayan wanka tun jiki bai gama bushewa ba, domin man ya tsare damshin cikin fata. Mai faso ya jiƙa ƙafarsa a ruwan ɗumi da dare, ya goge kaushin da dutse a hankali, ya cika tsagar da mai, ya sa safa. Faso ba abin rainawa ba ne ga mai shiga taɓon fadama, domin ta irin wannan tsaga ƙwayar cutar sandarewar haƙora takan shiga. Mai ciwon sukari kuwa ya riƙa duba ƙafarsa kullum, in ya ga miki ya tafi asibiti.

Sanyi ba dalilin barin wanka ba ne. A jira rana ta ɗaga, a ɗuma ruwa, a yi wa yara wanka a inda iska ba ta bugawa. Wanke hannu da sabulu kuma yana hana mura yawo cikin gida.

Sutura Da Wuta

A rufe wa yara kai da ƙirji da ƙafa. Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri riƙe ɗumi, kuma ana iya cirewa in rana ta yi. Kada a shimfiɗa tabarma a kan siminti tsirara, a sa kwali ko buhu a ƙarƙashi. Jariri sabon haihuwa kada a yi masa wanka sai ya kwana ya yini. A goge shi, a sa masa hula, a manna shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a ba shi nono nan da nan. Tsofaffi, da masu fuka, da yara masu sikila su ne sanyi ya fi tasar wa ciwo. In kana da bargon da ba ka amfani da shi, ka tuna da yaran da ke kwana a zaure.

Kaskon garwashi a ɗakin da aka toshe yana fitar da wata iska marar wari marar launi wadda take kashe mutum cikin barci. A ɗuma ɗaki, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a bar taga da ɗan buɗi. Kada a ajiye jarkar fetur a ɗakin kwana ko kusa da murhu, kada kuma a bar ƙananan yara su kaɗai wajen jin wuta.

Ranar da hazo ya yi kauri a rufe hanci da rawani ko gyale. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin tafasasshen ruwa da ya huce ya isa kurkure maƙogwaro. Mai haɓo ya sunkuya gaba, ya matse hancinsa minti 10, kada ya ɗaga kai sama.

Inda Gargajiya Ta Wuce Gona Da Iri

Ko a Ayurbeda daidaito ake nema, ba zafi mai yawa ba. Tsoron sanyi shi ya sa ake yi wa mai jego wanka da ruwa mai tsananin zafi, a kwantar da ita a gadon wuta, a ɗura mata kunun kanwa har kwana 40. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun bincika matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, suka ga wannan al'ada tana cikin abubuwan da ke ƙara wa zuciya nauyi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. A yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, a rage kanwa. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, ko take haki in ta kwanta, a kai ta asibiti ran nan.

Kada a ɗiga wa jariri mai a hanci, ko da an ce ana yi a Indiya, domin yakan gangara cikin huhu. Kada kuma a sayi ƙwayoyi ko garin magani a kasuwa don kawai an ce na Indiya ne. A 2004 likitoci a birnin Boston na Amurka sun auna magungunan Ayurbeda 70 da ake sayarwa a shaguna, suka sami dalma ko zaiba ko wata guba irinsu a cikin 14. Mun ga aikin dalma a Zamfara a 2010, sa'ad da yara fiye da 400 suka mutu saboda ƙurar dutsen zinariya. Abin da ka san iccensa ka daka da hannunka ya fi wanda ba ka san cikinsa ba.

Alamun Da Ba A Jira Da Su

Akwai ciwace-ciwacen da citta da man kaɗe ba sa taɓawa.

1. Ciwon haƙarƙari. Idan yaro yana tari, a ƙirga numfashinsa cikin minti ɗaya sa'ad da yake kwance lafiya lau ba ya kuka. In ya kai 60 ga wanda bai cika wata 2 ba, ko 50 daga wata 2 zuwa shekara 1, ko 40 daga shekara 1 zuwa 5, ko kuwa ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki, yana bukatar maganin asibiti yau. Tsaga da ƙaho ba sa fitar da wannan cuta, sai ɓata lokaci.

2. Sanƙarau. Yakan fara tun cikin hunturu ya yi ƙarfi da bazara. Alamunsa zazzaɓi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sandarewar wuya, amai, da ruɗewa. Ga jariri, maɗiga takan kumbura. Yana iya kisa cikin kwana ɗaya. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, a 2017 kuma ya sake dawowa Sakkwato da Zamfara da Katsina. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar. In masu allura sun zo, a fito da kowa.

3. Ƙyanda. Ita ma 'yar rani ce. A kai yaro allurar rigakafi in ya cika wata 9, a koma ta biyu a wata 15.

4. Tarin da ya wuce mako 2, musamman in da rama ko gumin dare. A je a auna kaki, domin yana iya zama tarin fuka, maganinsa kuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Jama'a, abin da Indiya ta koya mana yawancinsa yana nan cikin rumbunmu da lambunmu: ci mai ɗumi, sha ruwa, shafa mai, rufe jiki, kada a wuce iyaka. Wannan aikin gida ne, kuma rigakafi ya fi magani. Amma in alamun nan huɗu sun bayyana, aikin ya bar hannun gida ya koma na likita. Tun yanzu kowace unguwa ta shirya wanda zai ɗauki marar lafiya zuwa Illela in abin ya faru da dare, a kuma ajiye ɗan kuɗin mota daga cinikin albasa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyaye mata da ungozomomi. Allah ya kai mu bazara lafiya.