Bakolori: Hanyoyin keke a tsakiyar gonaki da rashin tsaro ya hana baƙi morewa

Duk wanda ya bar babban titin Gusau zuwa Sakkwato a Talata Mafara, ya gangara filayen noman rani na Bakolori, abin da zai fara lura da shi shi ne ƙarar manyan motoci ta yanke. Sai motsin ruwa a cikin kanal, da kukan tsuntsaye, da ƙararrawar keken manomi mai neman a ba shi hanya.

Waɗannan hanyoyi na jar ƙasa da suka bi gefen magudanun ruwa sun ratsa ƙananan hukumomi uku na Jihar Zamfara, wato Talata Mafara da Bakura da Maradun. An yi su ne domin ma'aikatan da ke duba ruwa da motocin kwasar amfanin gona, amma a yau keke da babur da amalanken shanu ne suka fi bin su. A wasu ƙasashe, irin waɗannan hanyoyi ne ake gyarawa a tallata wa masu yawon buɗe ido a kan keke, har su zama hanyar samun kuɗi ga ƙauyuka.

Yadda hanyoyin suka samu

An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato, aka kammala ta a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ke kula da ita. Bangon dam ɗin ya kai tsawon kilomita 5 da rabi, tafkin da ke bayansa kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450.

Daga dam ɗin, wata babbar magudana mai tsawon kimanin kilomita 15 ce ke jan ruwa zuwa filayen noma, inda ta rarrabu zuwa manya da ƙananan kanal. An shimfiɗa aikin ne a kan kadada 23,000. Kusan kowace kanal tana da hanya a gefenta, kuma da yake ruwa ba ya son hawa da gangara mai tsanani, hanyoyin sun zama shimfiɗaɗɗu. Wannan ne ya sa suka dace da keke: ba tudu mai karya gwiwa, ba tirela mai tura mutum daji.

Hanyoyin suna ɗauke da tarihi mai ɗaci. Dubban mutane sun rasa gidaje da gonaki lokacin aikin, manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya. A ranar 28 ga Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, inda ƙauyen Birnin Tudu ya fi shan wuya. Gwamnatin wancan lokaci ta bayar da adadi kaɗan, amma mutanen yankin da masu bincike sun ce waɗanda suka mutu sun kai ɗaruruwa. Mai keken da ya bi ta Birnin Tudu a yau yana taka wurin da abin ya faru.

Abin da mai keke zai gani

Daga Mafara, hanya ɗaya ta bi ruwa ta nufi dam ɗin da ɓangaren Maradun, inda masunta ke fito da kifi a bakin tafki. Wata kuma ta bi gonaki ta nufi ƙasar Bakura, inda ƙauyuka irin su Birnin Tudu da 'Yarkofoji da Rini suke.

Lokacin hunturu ya fi daɗin tafiya. Da sanyin safiya hazo kan kwanta a kan fadamu, ga shinkafa kore shar, ga dankalin Hausa wanda mutanen yankin ke kira kudaku, ga albasa da tumatir da tattasai da masara. Balbelu na bin masu huɗa, yara na korar tsuntsaye. Da damina kuwa labari ya sha bamban, domin laka kan cika taya har sai mutum ya sauka ya tura, wani lokaci ma ya saɓa keken a kafaɗa.

Ranar Talata, wadda garin Mafara ya samo sunansa daga kasuwarta, hanyoyin kan cika tun asuba. Za ka ga keke ɗauke da buhun dankali a kariya, wani da kwandon tumatir, wani kuma da kaji a rataye a gaba.

Tsadar fetur ta dawo da darajar keke

Ga dattawan yankin, keke tsohon abokin tafiya ne. A shekarun baya, mallakar Raleigh, wanda ake haɗawa a Kano, alama ce ta rufin asiri, kafin Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwa. Daga baya babura masu araha suka ture shi gefe, ya koma na yara da masu ƙaramin ƙarfi.

Cire tallafin man fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar a ranar 29 ga Mayun 2023 ya juya lissafi. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce Naira 1,000. Manomin da ke zuwa gona safe da yamma domin ban ruwa ba ya iya zuba wa babur mai kullum. Haka aka riƙa kakkaɓe tsofaffin kekuna daga zaure, masu faci da masu gyara suka sake samun ciniki, ko da yake kuɗin taya da sarƙa da birki su ma sun tashi.

Yadda Faransa ta yi da nata

A Faransa, wadda aka sani da gasar tseren keke ta Tour de France tun 1903, yawancin masu yawo a karkara ba tsere suke yi ba. Iyalai ne da tsofaffi da matasa masu neman hanya marar hayaniya, su yi tafiyar yini, su kwana a ƙauye, gobe su ci gaba.

Da yawa daga hanyoyin da suke bi gefen kanal ne, kamar na Bakolori. Canal du Midi, mai tsawon kilomita 240, an haƙa ta daga 1666 zuwa 1681 domin haɗa birnin Tulus da Tekun Bahar Rum. Hanyar da dawakai ke bi suna jan jiragen ruwa a da, ita ce masu keke ke bi a yanzu. Wata hanyar mai suna La Loire à Vélo ta bi Kogin Luwar na kimanin kilomita 900 har bakin Tekun Atlantika.

Abin da ya raya su shi ne kulawa: alamomi a kowace mararraba, hana motoci shiga wasu sassa, inuwar itatuwa, da wani tambari mai suna Accueil Vélo da ake ba masauki ko gidan abinci da ke cikin kilomita 5 daga hanyar, muddin ya tanadi wurin ajiye keke da kayan gyara. Mai keke ba ya gudu, saboda haka kuɗinsa a ƙananan garuruwa yake ƙarewa, wurin mai burodi da mai masauki.

Shirun da ke ba da tsoro

A Zamfara, shirun hanya ba kullum yake nufin kwanciyar hankali ba. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata 279 a makarantar Jangebe da ke Ƙaramar Hukumar Talata Mafara. A watan Agustan shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashe ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun.

Bayan haka gwamnati ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita zirga-zirgar babura, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma datse layukan waya. An sassauta matakan daga baya, amma har yanzu ana samun rahotannin sace manoma a gona da ɗora wa ƙauyuka haraji kafin girbi. Shi ya sa manoma kan fita a ayari, su tambayi labarin hanya kafin su kama ta, su dawo gida kafin rana ta faɗi. Baƙon da bai san wuri ba, bai kamata ya shiga shi kaɗai ba.

Abin da ya rage a yi

Shirin TRIMING na Gwamnatin Tarayya, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya sa Bakolori cikin wuraren da ya gyara, tare da ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa. Waɗannan ƙungiyoyi, da ke da hannu a yashe ƙananan kanal, su ne suka fi kusa da hanyoyin. Cike ramuka bayan damina, gyara ƙananan gadoji da dasa darbejiya a gefen hanya ayyuka ne da ba su fi ƙarfinsu ba idan ƙananan hukumomin uku suka sa hannu.

Manomin da ke kai tumatir kasuwa shi zai fara cin moriyar hakan. Idan tsaro ya samu, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Mafara, da matasan Gusau da Sakkwato, su ne baƙin farko da za su iya hawa keke daga bakin dam zuwa Bakura, su sayi kifi da kudaku a hanya. Kafin nan, aikin da ke gaban hukumomi shi ne wanda manoman Bakolori suka daɗe suna roƙo: a tsare hanyar gona, mutum ya je ya dawo lafiya.