Tafiya a Bakin Kogi a Wad Madani: Magani Ne Ba Na Saye Ba

Idan an auna ka an ce kana da hawan jini ko ciwon sukari, wannan magana taka ce. Da yawa daga cikinku kukan zo Wad Madani ganin likita, a ɗibi jini da safe, a ce sai la'asar sakamako zai fito. Sai mutum ya wuni a gindin bishiya yana shan shayi mai sukari, kofi bayan kofi. Ina so in nuna maka abin da ya fi wannan amfani.

Hanyar da za ka bi

Madani tana yamma da Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu, kogin da ke gangarowa daga tafkin Tana a ƙasar Habasha. Akwai titi da ke bin gefen kogin, ana ce masa Shari' an-Nil. Tambayi kowane mai raksha, zai nuna maka. Shimfiɗaɗɗe ne, babu hawa babu gangara, ga inuwar manyan itatuwa. Idan ka fuskanci arewa, ruwa yana hannunka na dama, yana tafiya Khartum. A ƙetare kuwa Hantub ce.

Kana tafe kana ganin garin da auduga ta raya. A shekarar 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sennar, ruwa ya shiga tur'o'in Jazira. Aka kafa babban ofishin aikin a Barakat, kudu da Madani, da injinan gurzar auduga a Maringan. Hannun Hausawa yana cikin waɗanda suka tsinci wannan audugar. Kakanninmu da ƙafa suka zo daga Sakkwato da Kano da Katsina, wasu a hanyar Makka, wasu tare da Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikan wanda ya taka wannan nisa bai kamata rabin awa ta gagare shi ba.

Me ya sa tafiya?

Za ka ce, "Ni manomi ne, ai aikin hawasha ya ishe ni." Lokacin shuka da girbi, gaskiyarka. To amma dubi dattijon da ya bar wa 'ya'yansa gona, da mai shago, da uwar gida da ke wuni a zaune tana tuya. Su ne muka fi gani a ɗakin awo. Jiki ya daina aiki, amma tuwo da shayi ba su ragu ba.

Idan kana tafiya, naman cinya da na ƙafa suna jan sukari daga cikin jini suna ƙonawa. Zuciya tana ƙara ƙarfi, jijiyoyin jini suna saki, awon jini yana sauka sannu a hankali. Barci ma yana daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babban mutum shawarar minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar.

Yadda za ka fara

Ranar farko minti 10 ya isa: biyar zuwa, biyar dawowa. Kowane mako ka ƙara kaɗan. Ka yi saurin da zai sa jiki ya yi ɗumi, amma kana iya hira da abokin tafiya. Idan magana ta gagara, ka rage sauri.

Ka fita da sassafe ko bayan la'asar, ban da tsakar rana. Ka riƙe gorar ruwa. Ka koma kafin magariba, gama sauro yana da yawa a bakin ruwa.

Mai ciwon sukari, kada ka fita da yunwa bayan ka sha magani ko ka yi allura. Sa dabino uku a aljihu. Idan ka ji rawar jiki da gumi mai sanyi, zauna ka ci. Kada ka taka ƙasa ba takalmi. Da ka dawo ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, domin ƙaya takan shiga ba ka ji ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo.

Abin da za ka kiyaye

Kada ka shiga ruwa don ka huce. Tsargiya ta yi yawa a Jazira. Ƙwayarta tana fitowa daga dodon koɗi, ta huda fata ta shiga jiki. Daga Yuli zuwa Satumba kogi yana cika, gaɓa tana zaftarewa, sai ka tsaya kan titi. Tun bayan yaƙi kuma, ka bi inda mutane ke bi. Idan ka ga ƙarfen da ba ka san shi ba, kada ka taɓa, kada ka bar yaro ya taɓa.

Ka tsaya nan take, ka nemi asibiti, idan ka ji ƙirji ya matse, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu su fara tambayar ma'aikacin lafiya. Kuma tafiya ba ta maye gurbin ƙwayoyinka. Kada ka daina sha sai likita ya ce.

Idan ka koma gida

Ba kullum kake Madani ba, amma kusan kowane ƙauye yana da bakin tur'a ko hanyar gona. Zaɓi wata bishiya ko gada ta zama iyakarka. Nemi maƙwabci, ke kuma nemi ƙawa, gama wanda ake jiransa ba ya fashi. Kowace rana da ka taka, ka ja layi ɗaya a bayan katin asibitinka. Ranar awo ka zo mana da katin, mu ƙirga tare, mu ga abin da ma'auni zai ce.

Allah ya ƙara lafiya.