Gargaɗi Ga Masu Hawan Dutse Don Shan Iska

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta yaɗu tsakanin samari da 'yan mata na birane, musamman ɗaliban jami'a da ma'aikatan ofis, wato su yi gayya ran Asabar ko Lahadi su fita bayan gari su hau dutse domin motsa jini da buɗe ido. Zazzagawa sukan nufi Kufena, mutanen Jos sukan tasam ma duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 daga doron teku, Kanawa kuwa ga Dala da Goron Dutse nan a cikin gari. Ni dai ban ga aibin wannan al'ada ba, domin duk wanda ya tsaya a bisa Kufena ya hangi ragowar tsohuwar ganuwa da gonaki shimfiɗe iyakar ganinsa, lalle ya sami abin tafakkuri a cikin halittar Ubangiji. Sai dai malamai sun lissafa kiyaye rai a cikin larurorin nan biyar da shari'a ta zo don tsare su, alhali kuwa galibin masu fitan nan shirinsu bai wuce cajin waya don ɗaukar hoto ba.

Abin da ya fi cutar da mai hawa, a ganina, jahiltar lokaci ne. A bazara, tsakanin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40 a ƙasar Hausa, falalen dutse yakan sha rana tun daga hantsi har ya zamana tafin hannu ba ya iya daɗewa a kansa, ga shi babu inuwa, ga shi gumi na tsiyaya, don haka wanda ya fara hawa da ƙarfe goma sha ɗaya da 'yar gorar ruwa guda ya ɗauko wa kansa jidali. Alamun farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya. In kuwa mutum ya soma sambatu ko tangaɗi, to, al'amarin ya kai ga haɗarin rai, wajibi ne a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi ta fifita, a nemi asibiti da gaggawa. Maganin wannan duka shi ne a tashi bayan sallar asuba, kowa da ruwa aƙalla lita biyu, a kuma sauko kafin rana ta take.

Damina kuwa nata sharrin daban ne. Gansakuka takan lulluɓe dutse, yayyafi kaɗan ya mai da shi kamar an shafe shi da sabulu, mai silifa ko takalmin gayu mai sulɓin ƙasa shi ne farkon wanda santsi zai kwasa. Kuma a sani cewa saukowa ta fi hawa haɗari, domin a lokacin gwiwa ta gaji, hankali ya koma gida, kowa na sauri. Idan hadari ya haɗo aka ji rugugi, kada a ce bari a ƙarasa ɗan abin da ya rage. Aradu wuri mai tudu take nema, da itacen da ya tsaya shi kaɗai.

Wajibi ne kuma baƙo ya fara isa ga mai unguwa ko dagaci ya yi gaisuwa, ya nemi ɗan jagora cikin 'yan gari, ya sallame shi da abin da ya sawwaƙa. Su ne suka san kogon da zuma ta yi saƙa, da gonar da ba a ratsawa, da kuma labarin tsaro, wanda a zamanin nan na masu garkuwa da mutane ba abin wasa ba ne. A bar wa na gida sunan dutsen da lokacin dawowa, domin waya takan rasa sabis a lungun duwatsu.

Saura maganar maciji. Kububuwa 'yar ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, takan kwanta a ƙarƙashin duwatsu da busasshiyar ciyawa, saboda haka kada a cusa hannu a tsagar da ido bai ga cikinta ba, a kuma sa takalmi mai rufe idon sawu. Dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya ga kamar ya sami sauƙi, daga baya dasashinsa ya fara zubar da jini. Yawan saranta ne ya sa asibitin Kaltungo da ke jihar Gombe ya shahara da jinyar waɗanda maciji ya sara. In ƙaddara ta faɗa wa wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya kamar yadda aka saba. A cire masa zobe da agogo tun kafin kumburi, a hana shi gudu, a ɗauke shi ɗauka zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi, ko da ya rantse cewa ba ya jin komai.